Hannun Yaya da Allurar Sinawa

A ƙauyukan da ke kewaye da dam ɗin Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, ba kasafai ake ambaton hawan jini ba. Cewa ake ya yi gamo. In kuwa a banɗaki ya faɗi, to ba sai an tambaya ba, kowa ya san masu wurin. Za a ɗauko malami ya yi tofi, a wanke allo a ɗura wa mara lafiya, wanzami ya zo da zabirarsa ya kafa ƙaho don ya zuƙe mataccen jini. Da wannan na tashi, kuma tun da na yi boko na kama koyarwa a birnin Kano nake ganin na fi ƙarfinsa. Shi ya sa abin da na yi wa yayana yake ci mini rai, domin da taƙamar ilimi na yi shi.

Yaya manomin rani ne. Tun bayan kammala dam ɗin a 1980 gidanmu ke da fili a ƙarƙashin ruwansa, shi kuma ya gaji aikin daga mahaifinmu: shinkafa, tumatir, albasa, wani zubin masara. Duk wanda ya san wannan noma ya san hannu ne jarinsa. Da shi ake dashe, da shi ake buɗe fangali a toshe, da shi ake riƙe lauje, da shi ake ɗora kwando a mota zuwa kasuwar Badume. A watan Fabrairun 2023, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa mai miliyan a banki ke rasa na koko, Yaya ya faɗi a gona yana ban ruwa. Ɓarin dama ya shanye, magana ta sarƙe. Sai da aka kwana aka wuni kafin a kira ni, na iso na tarar da sawun ƙaho a bayansa da ƙwaryar rubutu a gefen tabarma.

Na yi faɗa ranar. Wanzamin da ya kafa masa ƙahon tsoho ne, shi ya yi mini kaciya, amma na gaya masa magana a gaban yara. Inna ta ce, "To ɗan boko, ga ka ga ɗan'uwanka. Mu dai mun yi iya saninmu." Muka nemo mota ta bi da mu ta Bichi, ta Dawanau, har wani babban asibiti a birni.

Zuwa asibitin daidai ne, ko yau ma haka zan yi. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce, ko dai jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwa ko ta fashe, kuma ba a bambance su da ido sai an ɗauki hoton kai. Maganin da ke narkar da gudan jinin da ya toshe hanya ana ba da shi ne cikin awa huɗu da rabi na farko, mu kuwa lokacin ya daɗe da wuce mu. Ɗura wa wanda haɗiya ta gagara ruwa, rubutu ne ko kunu, kan sauka a huhu ya haifar da wani ciwon daban. Hoto ya nuna toshewa ce a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda shi ke juya ɓarin dama, kuma a wurin yawancin mutane shi ke riƙe da magana. Likita ya tambayi yaushe rabon Yaya da awon jini, aka rasa mai amsa, don bai taɓa yi ba tun da yake. Ba shi kaɗai ba ne. Babban binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Najeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na wannan ciwo a yankinmu da hawan jini.

Aka sallame mu da abu biyu: ƙwayoyi, da katin sashen gashin ƙashi.

Na zaci injuna zan gani a sashen. Sai wata ma'aikaciya ta zaunar da Yaya a bakin gado, ta ce ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ta ajiye kofin roba a gabansa ta ce ya kai hannu ya taɓa. Ya yi ta nishi, gumi na zuba, hannun bai ko bar cinya ba. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan shi ne maganin. Ku riƙa yi a gida safe da rana da yamma, kuma kada ku yi masa abin da zai iya gwadawa da kansa." Na ce to. A raina kuwa cewa nake, mun baro Bagwai da asuba, mun sha wuyar neman tsabar kuɗin mota, don a yi wa magidanci mai jikoki wasan 'yan firamare?

A cikin makon wani abokin aikina ya nuna mini bidiyo a waya: tsofaffin Sinawa an tsittsira musu allurai a kai da hannu, daga baya ga su suna tafiya. Ya ce akwai wani a cikin gari da ya koyo aikin a can. Ba zan raina aikin don in wanke kaina ba. Tsohon ilimi ne da ke rubuce a littattafan Sinawa fiye da shekara dubu biyu, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010, kuma tun 1963 da Sin ta fara aika tawagar likitoci zuwa Aljeriya allurar ke zagaya asibitocin Afirka. A birnin Tianjin wani likita, Shi Xuemin, ya tsara hanya ta musamman a 1972 don masu shanyewar ɓarin jiki, har yau ana aiki da ita. Na karance wannan a dare guda na ji na ƙoshi. Ban tsaya na lura cewa a manyan asibitocin can ma haɗa allurar ake da ƙwayoyi da atisaye ba.

Muka kai Yaya wurin mutumin da abokin nawa ya ambata. Ɗakinsa tsaf yake. Farar riga, hoton jikin ɗan Adam a bango an cika shi da ɗigo da layuka. Ya soka allurai sirara a fatar kai, a kafaɗa, a gwiwar hannu, tsakanin babban yatsa da manuni, da ƙasan gwiwa. Sannan ya maƙala musu wayoyi daga wani ɗan akwati mai batir, ya murɗa. Sai ga yatsun Yaya suna motsi, hannun da ya yi makonni kamar na aro. Matarsa ta fashe da kuka tana hamdala. Ni ma idona ya kawo ruwa, kuma a nan take na yanke hukunci.

Daga baya na fahimci cewa ko hannun mai barci aka sa wa wannan wuta zai motsa, domin naman hannun da jijiyoyinsa lafiyarsu ƙalau. Ciwon yana can cikin kai. Ɗan Watari bai kamata wannan ya ruɗe shi ba: idan babbar hanyar ruwa ta toshe daga sama, ka ɗebo bokiti ka zuba a fangali, ƙasa za ta jiƙe ta yi kyau a ido, amma gobe kana nan inda kake, sai an haƙa wa ruwan wata hanya tun daga can sama. Ƙwaƙwalwa tana iya buɗe sabuwar hanya, sai dai ba ta yi sai mai ita ya yi ta yunƙurin aika saƙo zuwa hannun, ya kasa, ya sake, ya kasa, ya sake.

Ni kuwa sai na hana yunƙurin. Na cusa katin gashi a aljihun jaka. Na sa aka rataye hannun a wuya da ɗankwali, wai ya huta tsakanin zuwa da zuwa. Na kafa doka a gidan kada a wahalar da shi. Dokar ba ta sha wuyar karɓuwa ba, don ta dace da yadda muke jinya. A wurinmu ƙauna ita ce mara lafiya ya kwanta, mata ta ba shi abinci a baki, 'ya'ya su ciccibe shi zuwa bayan gida, masu dubiya su yi ta shigowa suna cewa kada ka motsa, Allah ya ba da lafiya. Yaran kan kamo shi ta hannun da ya shanye su ja shi tsaye, ban san illa ce ba balle in hana. Mai allurar bai taɓa cewa a daina gashi ba. Bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba. Da azumi ya shigo ƙwayoyin hawan jini suka ƙare, na yi ta jan ƙafa wajen sayen wasu, saboda kuɗin shinkafar bara duk sun tafi a allura da mota, kuma na riga na shawo kan kaina cewa allurar tana saukar da jinin. Allah ne kawai ya tsare ciwon bai sake bugawa ba.

Kuma sauƙi ya zo, abin da ya ƙara ɓatar da ni ke nan. Kafin ƙaramar Sallah Yaya ya fara dafa bango yana takawa. Magana ta fara warwarewa, yana kiran 'ya'yansa da sunayensu. Na riƙa zama a majalisa bayan la'asar ina ba da labari kamar wakilin kamfani. Wani maƙwabcinmu da mahaifinsa ya daɗe a kwance da irin wannan ciwo ya ji, ya sayar da sa ɗaya cikin shanun huɗarsa, ana dab da damina, ya bi sawunmu.

Abin da likitocin wannan fanni suka daɗe da sani shi ne, mafi yawan sauƙin da ke zuwa bayan shanyewa yana zuwa ne a watanni ukun farko, sa'ad da kumburin ƙwaƙwalwa ke saɓewa kuma sassan da ba su mutu ba ke farfaɗowa, sannan ƙafa takan riga hannu. Duk wanda aka tarar yana magani a wannan tsakani shi ke kwashe yabo, ko mai ƙaho ne, ko mai hayaƙi, ko mai allura. Na san wannan hujja sarai. Da ita nake ƙure mutanen gida in suka ce wane ya warke a hannun wanzami. Ban taɓa juya ta kan akwatin batir ba, saboda shi daga nesa ya zo, da farar riga da hoto a bango.

Ba hankalina ne ya tsayar da mu ba, kuɗin mai ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, shatar mota daga Bagwai zuwa birni ta fi ƙarfinmu. Muka zauna a gida ina jin haushin an katse mana magani.

Da babbar Sallah 'yar ƙanwar matar Yaya ta zo gaisuwa. Ta karanta gashin ƙashi a Jami'ar Bayero. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, in ga hannun?" Ta kwance ɗankwalin. Yatsu sun dunƙule, gwiwar hannu ta ƙandare a lanƙwashe, da ta ɗan ɗaga sai ya yi ƙara. Ta kamo yatsana ta ɗora a saman kafaɗarsa, sai na ji rami, ƙashin ya sauko daga mazauninsa. Ta tambayi wa ya ce a ɗaure hannun. Ɗakin ya yi tsit. Inna ta kalle ni, ta kau da kai, ba ta ce komai ba. Yarinyar ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, an yi jinkiri, amma ƙofa ba ta rufe ba. Ina ƙwayoyinsa?"

Daren nan na koma karatu, wannan karon ina neman abin da ba na so in gani. Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Suwidin. A 1993 wasu likitoci a birnin Lund suka gwada allurar a kan masu shanyewa 78. Duka ana yi musu gashi, amma kusan rabinsu aka ƙara musu da allura. Masu allurar suka fi samun sauƙi, labari ya bazu a duniya. Da masu son a yabe su ne da sun tsaya nan. Sai suka tambayi kansu: allurar ce, ko ƙarin kulawa da sa rai da waɗannan suka samu? Suka sake gwaji a asibitoci da dama da mutum 150, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Barbro Johansson wadda ke cikin masu binciken farko. Wannan karon aka ba wani rukuni magani na je-ka-na-yi-ka, aka manna musu wayoyi da wutar da ba ta kai a ji ta ba, aka ba su lokaci da kulawa daidai da na sauran. Sakamakon ya fito a 2001: bayan wata uku, bayan shekara, babu bambanci. Mutanen da suka ɗaga allurar su ne suka fito suka ce ba ta tabbata ba. Na daɗe ina juya wannan, ni da na kasa ko da tambayar kaina a kan mutum ɗaya.

A 2016 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwaje 31 da suka ƙunshi mutum 2,257. Ta ce akwai alamun amfani, amma ingancin shaidar ƙasa yake ko ƙasa ƙwarai. Yawancin gwaje-gwajen daga Sin suke, kuma tun 1998 wani nazari ya lura cewa gwajin allura da ke fitowa daga can kusan ba a samun wanda ya ce ba ta yi aiki ba, abin da ke sa mai hankali ya yi taka-tsantsan. Iyakar abin da zan iya cewa da gaskiya shi ne, allura mai tsabta, sabuwa daga leda, a hannun wanda ya iya, ba ta cika cutarwa ba, kuma wasu na jin sauƙin ciwon kafaɗa da ita. Wanda ke da hali ya ƙara ta a kan gashi, ba ni da ta cewa. Ni musanya na yi, kuma a mafi tsadar lokaci. Wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2021 ya nuna ƙarin atisayen hannu ya fi tasiri idan aka yi shi tsakanin kwana 60 zuwa 90 bayan faɗuwa. A wannan tsakanin hannun Yaya yana rataye a ɗankwali bisa umarnina.

Hanyar da yarinyar ta ɗora mu a kai ta ba kowa mamaki: hannun da ke da lafiya za a hana aiki. Asalinta daga binciken wani Ba'amurke ne, Edward Taub, wanda ya lura cewa idan gaɓa ta yi rauni, mai ita kan koyi barinta gaba ɗaya ya dogara da ɗayar, har ƙwaƙwalwa ta manta da ita ko da ƙarfin ya fara dawowa. Wani babban gwaji na 2006 a kan mutum 222 ya nuna hanyar na aiki har ga waɗanda suka yi wata uku zuwa tara da faɗuwa, muddin suna iya ɗan ɗaga wuyan hannu su buɗe yatsu. Ta gwada Yaya, ya iya, da ƙyar. A nan Kano ma, Auwal Abdullahi na sashen gashin ƙashi a Jami'ar Bayero ya yi bincike a kan ƙidaya yawan maimaita motsi maimakon ƙidaya awanni, abin da ya fi sauƙin bi a gida inda ba mai duba agogo. Mu da carbi muka riƙa ƙirgawa.

Bayan ta sassauta gaɓoɓin ta koya wa babban ɗansa yadda ake miƙe su a hankali da yadda ake tallafe shi ta ƙugu, sai aka sa wa hannun hagu safa. Aka ajiye ƙwarya biyu, ya riƙa kwashe gyaɗa daga wannan zuwa waccan. Ya ɗaga buta ba ruwa, daga baya da rabin ruwa. Ya murɗa makulli, ya ɓare masara. Ranar farko Inna ta yi kuka ta ce mun mayar da ɗanta abin wasa. Yaya da kansa ya yi jifa da ƙwaryar ba sau ɗaya ba. Babu wani abin kallo a wannan aiki, ba mai ɗaukarsa a bidiyo, kuma sati kan wuce ba ka ga bambanci ba.

Abin da ya riƙe shi ba noma ba ne, ciyayya ce. Tun da ya faɗi ya daina fita cin tuwon dare a ƙofar gida da sa'o'insa, don ba zai sa hannun hagu a kwano a gaban mutane ba, kuma ba ya son a miƙo masa hannu ya kasa karɓa. Kafin kaka ya fara kai loma baki da dama, yana zubarwa amma yana ci. Yanzu yana alwala da kansa, yana musabaha, yana tafiya gona da sanda ya tsaya kan yara. Lauje dai ya gagara, yatsun ba sa damƙa da ƙarfi, kafaɗar kuma takan tashe shi da dare. Akwai hannun da ba ya dawowa ko an yi masa komai a kan lokaci. Amma ƙandarewar nan da ramin kafaɗar nan, da sa hannuna a ciki.

Na je na ba wanzami haƙuri, ya yi dariya ya ce ai shi ma ƙahonsa bai ta da shi ba. Wurin maƙwabcinmu ne ƙafata ta yi nauyi. Tsohon nasa bai samu komai ba, ya rasu cikin damina, shi kuma ya yi huɗar shekarar da san aro. Na ce masa ni na ja shi, ya yafe mini. Ya ce, "Haba Malam, ai kai ma neman lafiya kake. Kwana ne ya ƙare." Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma san bai dawo ba, kuma ba ni da halin biyansa. Abin da na iya shi ne sayen na'urar awon jini mai batir na ajiye a wurin mai kemis ɗin garinmu, duk mai so a auna shi kyauta. Mata sun fi zuwa. Maza kan ce ai lafiyarsu ƙalau, ba sa jin komai, alhali ciwon haka yake, ba ya sallama.

Yaya har gobe bai yarda da ni ba. A wurinsa allura ce ta ta da shi tsaye, domin ya ga yatsunsa sun motsa da idonsa, gyaɗa da buta kuwa wahala ce kawai da 'yan boko suka ɗora masa. Na yi bayanin Suwidin har na gaji. Da rani ya kewayo ya sayar da albasa, ya ce yana so a mayar da shi wurin mai allura ko hannun zai ƙarasa. Na ce, "Yaya, kuɗinka ne. In za ka sha ƙwayarka, ka gama ƙirgen safe kafin mu tafi, ni zan raka ka." Ya sa ɗansa ya tambayo kuɗin zuwa da na mota, ya kuma tambayo farashin buhun taki a Bichi. Ya yi lissafi da yatsun hagu, ya ce a sayo takin tukuna.